Otal ɗin da Na Zaɓa wa Amarya

A shekarar da aminiyata za ta yi aure, ni aka ɗora wa nauyin nemo otal ɗin da za mu kai ta mu ɗan huta kafin a tafi gida biki. Ba wanda ya zauna ya naɗa ni. Wata Juma'a ce da yamma muna falon Anti a Nu'aija, an gama cin tuwon shinkafa miyar taushe ana shan shayi, sai wata a cikinmu ta ce bai kamata a ce muna zaune a ƙasar da teku ya kusa kewaye ta ba, mu bar amarya ta yi sallama da 'yanmatanci a cikin falo. Kowa ya ce haka ne. Da aka zo kan wa zai nemo wurin, sai na ga duk idanu sun dawo kaina.

Anti matar wani likita ce ɗan Katsina. Ta girme mu nesa ba kusa ba, kuma gidanta ne matattarar matan Hausawan da ke aiki a wannan yankin na Doha. In kina marmarin daddawa, ko kina neman wanda zai tafi miki da saƙo gida, ko kuka kawai kike son yi a gaban babba, can za ki. Ita ce ta yanke maganar.

"Ke kika fi kowa sanin halinta," ta ce da ni. "Ki nemo mana wurin da za mu sake, ba inda za mu wuni muna jan mayafi ba."

Gaskiya ta faɗa, na fi kowa saninta. Gida ɗaya muke zaune a Al Aziziya, ɗaki biyu da falo a saman wani shagon ɗinkin abaya. Ni 'yar Zariya ce, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ita 'yar Gusau ce, tana ba da magani a wani asibitin daban. A layin gwajin lafiyar sababbin zuwa muka haɗu. Na ji tana waya da Hausa tana cewa ita fa yunwa take ji, na buɗe jaka na miƙa mata biskit. Daga nan muka yi shekara da shekaru muna cin tukunya ɗaya. Mun yi azumi tare, mun yi zazzaɓi tare, mun zarce shekara talatin da haihuwa tare, kowacce tana jin wayar da ake yi wa 'yar'uwarta daga gida ana tambayar wai har yanzu shiru ne maganar aure. Ƙawas nake ce mata, haka ita ma take ce mini. Sai za mu yi faɗa muke tuna sunayenmu na yanka.

Angon injiniya ne a wani kamfanin gas, ɗan Kano, dogo, ba shi da yawan magana. A walimar sallah a gidan Anti ya fara ganinta. Ita kuwa mace ce mai saurin gano aibin mutum. A baya duk wanda ya zo, kafin ya gama sauka daga bene ta gama faɗa mini abin da bai yi mata ba, wannan surutu, wancan rowa, wancan kuma takalminsa. Ranar da wannan ya fara zuwa, da ya tafi ta rufe ƙofa ta zauna a hannun kujera, ba ta kawo aibi ko ɗaya ba.

Na ce, "To, shi kuma mene ne laifinsa?"

Ta ce, "Ina nan ina nema."

Ba ta samo ba har manyansa suka je Gusau aka sa rana a ƙarshen shekara. Shi kuma tun daga lokacin babbar ƙawa yake ce mini, in ya je gida ya dawo sai ya kawo mini kilishina daban.

Shirin da muka yi mai sauƙi ne. Mu da ke Doha, da Anti, da ƙawayenta biyu na yarinta da za su taso daga gida, za mu kama wuri a bakin teku in zafi ya karye, mu yi lalle, mu ci, mu yi hira, mu tsokani amarya. Da farko a waya na fara nema. Sai na ga hotunan duk iri ɗaya ne: ruwa shuɗi, fararen laimomi, kujeru babu kowa a kai. Ba za ki taɓa sanin wa za ki tarar kwance a kan kujerun ba sai kin je. Don haka na ce zan riƙa fita ranakun Asabar in gani da idona. Da an so a ɓoye wa amarya wurin sai ranar, amma da ta ga na ɗauki makullin mota ta zari abayarta ta ce ba ta yarda da idona ni kaɗai ba.

Na farkon yana cikin dogayen benayen tsakiyar gari. Falon karɓar baƙinsa ya kai filin jirgi girma, ga ƙamshin turaren wuta, ga sanyi har sai da na naɗe hannuwa. Aka hau da mu can sama aka nuna mana ɗaki, teku a ƙasa shimfiɗe, jiragen ruwan katako suna yawo a kai. Har na fara cewa ya yi. Sai muka sauka bakin ruwan. Ɗan tsirin yashi ne da aka zubo da mota, an jera kujeru kamar ajin makaranta, kiɗa yana tashi, maza da mata a kwance kusan ba kaya, masu hidima suna ratsawa da kwalabe a faranti. Muka tsaya cikin baƙaƙen abayoyinmu, gumi yana bin bayanmu, kowa yana satar kallonmu.

Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ƙawas, ki hango Anti a nan."

Dariyar da muka riƙe ba ta ƙwace mana ba sai a cikin mota. Har hawaye ta yi.

Na biyun a wani tsibiri yake, sai an shiga jirgin ruwa. Wurin ya yi kyau ƙwarai, ɗakunan a kan ruwa aka gina su, kina zaune kina ganin kifi a ƙarƙashinki. Amma ɗaya daga cikin masu zuwa daga gida tana da ciki, Anti kuma da na nuna mata hoton jirgin ta ce ko 'yar cikinta ce amaryar ba za ta shiga ba. Ita kanta amaryar a hanyar dawowa ta kifa kai a cinyata, tashin zuciya ya hana ta magana. Muka soke shi.

Akwai wasu da muka leƙa waɗanda yanzu sun haɗe mini a kai. Wani ba shi da wurin da za mu taru mu kaɗai. Wani kuma an ce ana gyaran bakin ruwan. Ni har na fara gajiya, na ce ko dai mu koma maganar falon Anti ne.

Wata abokiyar aikina 'yar Sudan ce ta ba ni labarin na kudu. Hanyar tana da tsawo. Mun wuce Wakra, gidaje suka ƙare, muka shiga tsakanin manyan bututu da masana'antu masu fitar da harshen wuta a sama, sannan su ma suka ƙare, sai tuddan rairayi da raƙuma a gefen titi. Otal ɗin ba sabo ba ne, fentinsa ya ɗan koɗe. Amma maimakon bene, ƙananan gidaje ne a jere, kowanne da ɗan tsakar gidansa da katanga, da wata 'yar ƙofa ta baya. Wata ma'aikaciya 'yar Filifin ta buɗe mana ƙofar, sai ga yashi a bakin ƙafarmu, ga teku. Ta nuna mana can gefe inda aka kewaye wa mata su kaɗai.

Ruwan ya janye a lokacin, ya bar yashi mai laushi da 'yan ƙananan ƙaguwa suna gudu. Aminiyata ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta yi gaba. Ta yi nisa sosai, ruwan bai wuce idon sawunta ba. Daga inda nake ina ganin iska tana kaɗa abayarta. Da ta dawo fuskarta ta yi jajir da rana.

"Khalas, an gama, Ƙawas," ta ce. "Nan ne. A nan tsakar gidan za a yi mana lalle, Anti ta zauna can inuwa tana ba da umarni."

Da ta shiga banɗaki wanke ƙafa na ja ma'aikaciyar gefe, na ce mata wannan amarya ce, ranar da za mu zo a yi wa ɗakinta ado, a ajiye kek. Ta yi murmushi ta ce kar in damu.

A hanyar dawowa ne na yi tambayar. Ba shirya ta na yi ba. Tana ba ni labarin abubuwan da suka rage mata, ɗinki da kayan kicin da takardun da limamin unguwarsu yake nema kafin ɗaurin aure, sai na ce, "Gwajin sikila fa?"

"Tun muna sakandare aka yi mana, AA ce ni," ta ce. "Shi AS ne, tun farkon zuwansa ya gaya mini. Shi ya sa ban damu ba."

Na ci gaba da tuƙi. Na san ta rasa ƙanne biyu da wannan ciwo, mace tun tana ƙarama, da namiji da ya kai saurayi. Ba ta cika maganarsu ba, amma hoton namijin yana jikin madubinta. Aikina ke nan kullum, na san gidan da aka haifi masu sikila uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kuma sauran 'ya'yan da suka tsira, masu ɗauke da shi a cikinsu ba kaɗan ba ne. Na kuma san irin gwajin da ake yi wa ɗalibai a jere a rana ɗaya.

"Ki sake dai," na ce. "Ba don komai ba."

Ta yi dariya. "Ke kam duk wanda kika kalla jini kike gani."

"Ki sake."

"To, na ji. Wataƙila limamin ma ya ce sai sabuwar takarda."

Ta kunna rediyo, muka ci gaba da maganar kalar ankon da za mu sa.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aikin safe ina yanka albasa a kicin, na ji ta buɗe ƙofa. Ba ta yi sallama da ƙarfi yadda ta saba ba. Ta zo ta tsaya a bakin kicin da jakarta a kafaɗa, ko takalmi ba ta cire ba.

"AS ce ni," ta ce.

Na ajiye wuƙar. Na ce wataƙila kuskure ne, mu sake a wurinmu. Ta ce ta riga ta sake a wani wurin kafin ta gaya mini, duk abu ɗaya ne. Na matsa zan riƙe ta, ta ɗan ja baya, ta ce bari ta yi la'asar. Ta shiga ɗaki ta rufe. Miyar nan ban ƙarasa ta ba.

A gidan Anti aka zauna da angon. Ya zo da rigar aikinsa, da alama daga wurin aikin ya wuto. Mijin Anti ya yi musu bayanin da dukkanmu muka sani: kowane ciki aka samu, yana iya zuwa da ciwon, yana iya tsallakewa, ba wanda zai ba su tabbas. Angon ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Sannan ya ce ya yi bincike, akwai hanyar da likitoci ke haɗa ƙwan haihuwa a asibiti, su duba su zaɓi mai lafiya su dasa. Ya ce ana yi a nan ƙasar ma. Ya ce in ma hakan bai yiwu ba, shi ya yarda su zauna ba haihuwa.

"Ni ita nake so, Anti," ya ce. "Ban zo neman 'ya'ya ba, ita na zo nema."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta wannan ranar ba. Aminiyata tana gefena, hannunta a cikin nawa. A mota ta ce mini, "Kin ji shi ko? Akwai hanya." Na ce na ji. A makon nan ta ɗan dawo daidai, har ta ci abinci, har ta kira tela.

Sai ta gaya wa mahaifiyarta. Da rana ne, ranar hutu, tana zaune a ƙasan falo ta jingina da kujera, ta sa wayar a sifika. Na tashi zan ba su wuri, ta kama gefen zanina. Ta yi wa Inna bayanin komai, da maganar asibitin, da abin da ya ce. Inna ba ta katse ta ba. Sai da ta gama sannan Inna ta yi magana.

"Ni ba zan hana ki ba," in ji Inna. "Yaron kirki ne, na gan shi, na yaba. Abu ɗaya zan tambaye ki. In Allah ya kawo cikin da ba a asibitin aka shirya shi ba fa? Mata da miji ne ku, ɗaki ɗaya."

Aminiyata ta ƙara damƙe gefen zanina.

"Mu ba mu sani ba lokacin da muka yi," Inna ta ci gaba, muryarta a kwance. "Da ni da babanku ba wanda ya gaya mana. Ke kin sani. Kin kuma gani da idonki, ba labari aka ba ki ba. Ki yi istihara, abin da kika yanke ina bayanki."

Ba ta yanke a ranar ba. Ta ɗauki makonni tana zuwa aiki tana dawowa, tana ramewa. Shi kuma kullum sai ya kira, wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci ta kifa wayar. Wata Asabar da hantsi ta yi wanka ta sa kaya masu kyau, ta ce za su haɗu a wurin shan shayi kusa da filin wasa. Ba ta ce in raka ta ba. Da ta dawo ta tsaya a tsakiyar falo ta ce, "Ki gaya wa su Anti an fasa." Abin da suka faɗa wa juna a can ban sani ba, har yau ban tambaya ba.

Ni na kira ƙawayen gida na ce kar su taso. Ni na je wurin tela na karɓo ankon da aka riga aka yanka, na tura shi ƙasan akwatina. A gidan kuwa sai muka zama kamar baƙin juna. Tana gaishe ni, ina gaishe ta. In na shigo falo ta ɗan zauna kaɗan, sai ta tuna wani abu a ɗaki. Ba ta taɓa ce mini komai a kan maganar gwajin ba, amma ta daina haɗa ido da ni, ta kuma daina ce mini Ƙawas. Ba ta kiran sunan nawa ma, sai dai ta fara magana kawai. Na sha tsayawa a gaban na'urar gwaji a wurin aiki, kwalaben jinin mutane a gabana, hawaye yana hana ni ganin lambobin.

Da lokacin ya matso na ce mata zan kira otal in soke. Tana guga, ba ta ɗago ba.

"Ki soke na sauran," ta ce. "Ki bar mana ɗaya."

Na soke na sauran. Hankalina ba ya jikina, na manta da abin da na roƙi ma'aikaciyar nan.

Mun isa bayan azahar. Zafi ya karye, iska tana kaɗawa mai daɗi, irin yanayin da muka yi ta jira. Ma'aikaciyar ta gane mu tun daga nesa, ta taho da fara'arta tana ce wa aminiyata mabruk, wato barka. Kafin in buɗe baki ta riga ta tura ƙofar. An watsa jajayen furanni a kan gado, an ɗaura balan-balan farare a jikin labule, ga kek a kan tebur an rubuta barka da aure a kai da harshen Turanci. Na fara cewa a kwashe, kuskure ne.

"Bar shi," in ji aminiyata. Ta juya ta yi wa ma'aikaciyar godiya, ta ce ya yi kyau sosai. Matar ta fita tana murna.

Ta zauna a bakin gadon, ta share furannin gefe da bayan hannu. Ta jawo kek ɗin, ta yanka da 'yar wuƙar roba, ta sa a baki. Tana taunawa kukan ya zo. Tun ranar da ta dawo da sakamakon ban ga hawayenta ba sai a nan. Kuka ne mai fitowa daga ciki, har tana shiɗewa, kek ɗin a hannunta yana marmashewa a kan abaya. Na durƙusa a gabanta. Wannan karon ba ta ja baya ba.

Da la'asar sakaliya muka fita ta 'yar ƙofar baya, muka zauna a kan yashi a ɓangaren mata. Babu kowa sai wata Balarabiya da 'ya'yanta can nesa. Ruwan ya cika, yana zuwa har kusa da ƙafafunmu.

"Na ji haushinki," ta ce, idonta a kan ruwa. "Sosai. Na riƙa cewa da kin yi shiru a motar nan, da wataƙila tsohuwar takardar zan kai, a ɗaura, ba wanda ya sani."

Na ce, "Na sani."

"Na san ba laifinki ba ne. Amma ba ni da wanda zan ji haushi. Shi ba zan iya ba, Inna ba zan iya ba. Ke ce a kusa."

Na matsa na jingina kafaɗata da tata.

Sai ta fara ba ni labarin ƙaninta, abin da a duk zamanmu ba ta taɓa yi ba. Ta ce in ciwon ya tashi, ita ke dafa ruwa tana tsoma tsumma tana gasa masa gwiwoyi, yana cizon matashi don kar ƙannensa su ji. Ta ce yana son ƙwallo, ba a barinsa ya buga, sai ya zauna a kan dakali yana yi wa yaran unguwa alƙalanci da usur ɗin roba. Ta ce a kwanciyarsa ta ƙarshe ya riƙe hannunta ya ce, Yaya, ni fa na gaji. Ta ce saboda shi ta karanci haɗa magani, tana ganin za ta gama ta zo ta taimake shi, bai jira ba.

"In na haifi yaro ya ce mini ya gaji, Ƙawas, me zan ce masa? In ce masa na sani, amma ina son babanka?"

Ta ce mini Ƙawas. Na lura, ita ban sani ba ko ta lura.

Washegari ta nemi a kira mai lalle. Na zaci ban ji daidai ba. Ta ce ai an ce akwai wata 'yar Indiya a otal ɗin da take yi. A tsakar gidan aka yi mana, mu biyu, ita ta sa aka zana mata har gwiwar hannu, ni a tafi kawai. Muka zauna hannuwa a sama muna jiran ya bushe, ƙudaje suna damunmu ba halin kora. Har ta yi dariya da wani ya sauka mini a hanci. Daga baya ta yi barci a kan tabarma, lallen ya ɓata mata kumatu.

Mun koma Al Aziziya mun ci gaba da zama, kuma tsakaninmu ya gyaru. Amma Doha ta yi mata ƙunci. Hausawan garin ba mu da yawa, duk inda ta je sai an yi mata kallon tausayi, ko a yi shiru in ta shigo. Ta daina zuwa gidan Anti don kar su haɗu da shi. Kafin azumi ta ajiye aiki. Na taya ta ɗaure kaya, kayan kicin ɗin da ta saya na aure ta ce in riƙe, ba za ta iya ganinsu a Gusau ba. A filin jirgi ba mu yi doguwar sallama ba. Ta ce in riƙa cin abinci, na ce ta gaishe da Inna. Na dawo na zauna a mota a wurin ajiye motoci har mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaya ko lafiya.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Gana ce a ɗakinta yanzu. Tana da kirki, tana jin Hausar zango, muna gaisawa mu yi 'yar hira. Kowa da tukunyarsa.

Bara na je kasuwar kifi ta Umm Salal da safe, ina tsaye ana gyara mini kifi, na ji an ce, "Babbar ƙawa." Shi ne, da leda a hannu. Furfura ta ɗan fito masa a gemu. Muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi nasa. Ya juya ledar daga wannan hannu zuwa wancan.

"Tana lafiya?"

"Lafiya lau. Tana aiki a wani asibiti a can gida."

"Alhamdulillahi." Ya yi kamar zai ƙara wani abu, sai mai kifin ya miƙo mini ledata. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya wuce wajen masu jatan lande.

Na yi kwanaki ina shawarar ko in gaya mata. Ranar Juma'a da muka yi waya, bayan mun gama maganar ciwon ƙafar Inna da tsadar kaya, na ce mata na gan shi. Ina jin kukan awaki da muryar yara a bayanta.

"Ya yi aure?"

"Anti ta ce bai yi ba."

"Ya rame?"

"Kaɗan."

Ta ce to. Sannan ta ce Inna tana kiranta, za ta neme ni anjima.